Rubutuna aka tsinta a aljihun ɗan bindiga, amma yayana aka kama

Assalamu alaikum warahmatullah. Ina gaida mai kula da wannan shafi, da fatan an wuni lafiya, ya iyali, ya haƙuri da jama'a. Ina gaida masu karatu manya da ƙanana, musamman 'yan'uwana ma'aikatan jinya da suka gama makaranta suna zaune da takarda a hannu. Don Allah a ɓoye sunana. Sunayen da zan ambata duk aro ne, garinmu ma ba zan faɗe shi ba, ku dai sani yana tsakanin Mafara da Bakura. Roƙona ɗaya: ku karanta har ƙarshe kafin ku yanke mini hukunci. Zagi na cancance shi, amma ba shi nake nema yau ba, domin ran mutum ne a tsakani, kuma kwana uku suka rage.

Sai da na fara rubuta wannan da ajami a takarda, don da shi maganar zuciyata take fita, sannan na juya shi boko a waya, na ƙone takardar. Za ku ga abin da ya sa nake tsoron rubutun hannuna.

Mahaifina ya rasu ina da shekara shida. Yayansa, wanda muke kira Baffa, malamin allo ne, shi ya ɗauke ni ya haɗa ni da ɗansa Isuhu, wanda ya girme ni da shekara bakwai. Tabarma ɗaya, akushi ɗaya, tawada ɗaya. Baffa yana da hannu mai kyau, kuma duk wanda ya daɗe a gabansa yakan ɗauki hannunsa, amma ni da Yaya Isuhu mun ɗauka fiye da kowa, har in an ajiye rubutuna kusa da nasa mutane sukan ce mutum ɗaya ne ya yi. Sai da na sauke sannan aka sa ni boko, ina gardi a cikin yara. Shi Yaya bai yi nisa a boko ba. Ya yi zaman koyo wurin wani mai kemis a Mafara, ya dawo ya buɗe nasa a bakin kasuwarmu. Yana da wata al'ada da kowa ya san shi da ita: ba ya ba mutum magani haka nan. Zai naɗe shi a 'yar takarda, ya rubuta da ajami, ɗaya da safe, ɗaya da dare, bayan an ci abinci, domin mutanenmu ajami suke karantawa. A can ƙasa kuma zai ƙara, Allah ya ba da lafiya. Babu gidan da babu irin takardar nan a garinmu. Shi ya tsaya mini har na gama makarantar jinya. Ranar da na kawo lasisina gida ya ɗaga shi sama a gaban shago yana cewa, "Ku zo ku gani, ɗan bokonmu ya zama nas!" Tun daga nan ɗan boko kowa yake kirana. Mutane suka manta ni ma na iya ajami.

Na ɗauka aiki yana jirana a ƙofar makaranta. Wa ya gaya mini? Aikin gwamnati aka ce a jira a buɗe ɗauka, in an buɗe kuma sai kana da mai yi maka magana, ni ko wanda na sani mafi girma shi ne mai garinmu. Na je Gusau na zaga asibitocin kuɗi, wani ya ce zai ɗauke ni amma abin da zai ba ni ba zai kama mini ɗaki ba balle abinci, kuma ni kaɗai ne zan riƙe ɗakin maza da na mata. Ƙungiyoyin da ke kula da yara masu tamowa suka ce sai wanda ya yi shekara biyu yana aiki. Masu kai ma'aikata Saudiyya su ma shekara biyu. To ina mutum zai samo shekara biyun in kowa ya ƙi ba shi rana ɗaya? Wani abokin karatunmu ya tafi Kaduna yana jinyar wani tsohon attajiri a gida, wata ta koma sayar da atamfa, wani yana kabu-kabu. Ni sai na shiga sahun masu zuwa asibitin gwamnati a Mafara suna aiki ba albashi, da fatan in an zo ɗauka a tuna da fuskarka. Wata goma sha ɗaya ina auna zafin jiki, ina wanke kwanuka, ina riƙe wa manya fitila. Ko allurar ɗinki ba a bari in taɓa. Ranakun da ban je ba ina shagon Yaya ina jera kwalaye.

A shagon na san Bawa. Mutum ne mai fara'a, yakan biyo ranar Talata in ya taso daga kasuwar Mafara, ya sayi auduga da bandeji, ya ce na masu haƙar zinare ne a bayan Maradun. Wata rana Yaya ya tafi masallaci, sai Bawa ya jingina da kanta ya ce mini, "Nas, har yau kana wanke ma mutane kwano? Masu zinare na biɗar ma'aikaci. Rami na ruhtawa da mutane, babu mai duba su. Ka zo ka gani, in bai yi maka ba ka dawo." Na ce sai na yi shawara da Yaya. Ya yi dariya ya ce, "Ka hwara ganin wurin tukuna, kada ka sa shi murna a banza." Wallahi zuciyata ta ɗan yi mini wani iri. Amma wata goma sha ɗaya babu wanda ya ce yana nemana. Na ce wa gida zan je asibiti kamar kullum, na ɗauki jakata, na hau bayan mashin ɗinsa bayan an yi sallar asuba.

Mun wuce Maradun, mun bar hanyar Damaga, mun shiga daji. Tafiya ta yi tafiya, ban ga rami ba, ban ga mai tankaɗe ƙasa ba. Da hantsi sai ga mashina jere a ƙarƙashin itatuwa, ga samari da bindigogi a kafaɗa suna shan hayaƙi. A gindin wata tsamiya na ga mutane zaune, sarƙa ɗaya ta bi ta ƙafafunsu duka, har da mata. Na ce, "Bawa, ina ka kawo ni?" Ya ce, "Wurin aiki. Ka sauka."

Ogansu yana kwance a kan katifa cikin wata bukka. Tun daga ƙofa na ji warin. Harsashi ya shige ta cinyarsa ta hagu ya fita, kwana tara ke nan, wurin ya kumbura ya yi baƙi yana zubar da mugunya. Ya dube ni da jajayen idanu ya ce, "Wanga ne likitan? Yaro ne." Na ce ni ba likita ba ne, nas ne, kuma ban taɓa yin irin wannan ni kaɗai ba. Na ɗauka gaskiya za ta sa su sake ni. Sai ya ce a kawo wanzami. Aka kwanto wani dattijo daga cikin sarƙa, wanzami ne da suka kamo, shi suka fara sa wa aikin raunin ya lalace a hannunsa. Yana tafe yana cewa, "Ranka ya daɗe, na yi iyakar iyawata." Ogan ya ce, "Tunda bai taɓa yi ba, ya gwada mu gani." Ban gane nufinsa ba sai da na ji ƙara. Wani yaronsa ya ɗora bakin bindiga a cinyar dattijon ya harba. Jini ya yi tsalle har fuskata. Na faɗa kansa, na tuɓe rigata na ɗaure saman cinyar, na danna da gwiwa, na danna da hannu biyu, amma babbar jijiya ce ta fashe, jinin yana bulbulowa ta tsakanin yatsuna da ɗuminsa. Dattijon ya riƙe wuyan hannuna yana kalmar shahada, ina taya shi, har riƙon ya saki. Shi ne majinyacina na farko a duniya. Ko sunansa ban sani ba.

Ogan ya ce, "Wanga ya mutu. In nawa ya yi haka, kai ma ka bi shi." Aka ɗora mini bindiga a ƙeya, ina jin sanyin ƙarfen, na wanke hannuna na fara. Na buɗe raunin, na matse mugunya, na yanke naman da ya mutu, na wanke da ruwan gishiri, na cusa bandeji, na sa masa ƙarin ruwa, na yi masa allura. Kaya kam suna da su fiye da abin da nake gani a asibiti. Na gaya musu ba a ɗinke rauni mai mugunya, sai ya tsabtata. Sai batun kafso da ƙwayoyin da zai riƙa sha. Na fara rubuta yadda za a sha da boko, wani siririn saurayi a cikinsu ya ce, "Babu mai karanta wanga nan. Ka yi da ajami, ni ka ba shi magani, na iya." Na yagi takarda daga littafina, na naɗe, na rubuta. Biyu da safe, biyu da rana, biyu da dare, bayan an ci abinci. Kuma a can ƙasa, Allah ya ba da lafiya. Wallahi ban yi niyyar rubuta addu'ar ba. Hannuna ne ya saba gani a shago ya tafi da kansa. Gawar wanzami tana bakin ƙofa, ni kuma ina rubuta wa wanda ya sa aka kashe shi addu'ar samun lafiya.

Da a nan labarin ya tsaya, da zan ce an yaudare ni, an tilasta ni, kuma da gaskiya na faɗa. Amma na koma. Sau biyu na koma da ƙafata. Bawa ya ce mini a hanya, "Mun san gidan Malam, mun san shagon Isuhu, mun san gonarku ta bakin ruwa." Wannan tsoron gaskiya ne. Sai dai akwai wani abu a ƙarƙashinsa wanda ban taɓa gaya wa kowa ba, yau zan faɗa don Allah ya riga ya sani. Zuwa na biyu da na buɗe bandejin na ga naman ya yi ja, zazzaɓi ya sauka, sai na ji daɗi. Na ji daɗi! Na ce a raina, ashe na iya. Zuwa na uku na ɗinke shi, ɗinki mai kyau, samarin suna leƙe suna cewa, "Likita, hannunka na da albarka." Mutanen tsamiya suna kallona ina wucewa, wata mata ta ce, "Ɗana, ka hwaɗa ma mutanenmu muna nan," na sunkuyar da kai na wuce kamar ban ji ba. Abin da suka ba ni kuma na karɓa. Da shi na yi kuɗin mota zuwa Sakkwato, na zauna intabiyu a wani asibitin da wata ƙungiya take gudanarwa, na sayi takalmin da na shiga da shi. Wane irin mutum ne wannan? Ni da na sauke Alƙur'ani a gaban Baffa? Na dawo na yi ta istigfari, na ce shi ke nan, na rufe wannan ƙofa, Allah mai gafara ne. Mako bakwai ban ji ɗuriyar Bawa ba, har na fara cin abinci da daɗi.

Larabar da ta wuce muna gona ana yankan dawa, rana ta ɗan ɗaga, sai muka ji mashina. Kafin a ce wani abu harbi ya tashi ta ko'ina. Na faɗa cikin karan dawa na kwanta da ciki. Ta tsakanin kara nake hangen gonar maƙwabcinmu, Malam Garba, mutumin da yake ba ni rake ina yaro. Ya ɗaga hannu sama da lauje a ciki, ya manta bai yar ba. Wani ya sauko daga mashin ya nufo shi yana ɗan ɗingisa ƙafar hagu. Na san ɗingishin. Na san tsawon ɗinkin da ke ƙarƙashin wandon nan, ni na ƙirga shi. Ya zo dab da Malam Garba ya harbe shi a ƙirji, ya ƙara masa a ka, ya juya yana tafiya a kan ƙafar da na gyara. Sun ƙone rumbuna, sun kora shanu, sun tafi da mata. Ba zan faɗi adadin waɗanda muka binne ba. Ni na wanke raunukan waɗanda suka rayu, mutane suna sa mini albarka.

'Yan sa-kai na garinmu suka bi su, suka cim ma na baya a mashigar rafi, suka kashe ɗaya. Siririn saurayin nan ne mai karanta ajami. A aljihunsa suka samu takardata, da sauran kafso biyu a ciki.

Ranar Alhamis bayan azahar ina shago tare da Yaya, sai ga 'yan sa-kan sun cika ƙofa. Shugabansu Ɗanjuma ne, wanda aka kashe ƙanensa Sale a harin, idonsa ya kumbura don kuka. Bai yi sallama ba. Ya shimfiɗa takardu biyu a kan kanta, ɗaya wadda Yaya ya rubuta wa matar Ɗanjuma watan jiya, ɗaya mai jini a gefe. Ya ce, "Isuhu, karanta muna." Yaya ya ɗauki mai jinin ya daɗe yana kallo. Sannan ya ɗago ya dube ni, sau ɗaya, kamar ƙiftawar ido, bai sake kallon inda nake ba. Ya ce, "Ɗanjuma, ba ni na rubuta ba." Ɗanjuma ya ce, "Allah ya ba da lahiya! Har addu'a kake yi masu! Su kashe Sale, kai kana roƙa masu lahiya!" Ya fizgo shi ta saman kanta. Suka ja shi waje, suka rufe shi da gora da gindin bindiga, wani ya sare shi da bayan adda a ka, jini ya rufe masa fuska. Suka farfasa kwalabe, suka watsa magani a titi. Mutanen da Yaya ya sha tashi daga cin abinci don ya duba 'ya'yansu suna tsaye suna cewa a kashe shi. Sai Ɗanjuma ya ce a shimfiɗa hannun da ya yi rubutun. Suka take hannunsa na dama a kan dakalin shago, ya ɗaga gindin bindiga ya sauke, ya sake ɗagawa ya sauke. Na ji ƙarar ƙashi. Ina tsaye taku uku daga wurin, hannun da ya yi rubutun yana cikin aljihuna. Me na ce? "Ku yi haƙuri, ku yi haƙuri." Abin da na ce ke nan, kamar kowane ɗan kallo.

Mai gari ne ya zo ya faɗa a kan Yaya, ya ce sai dai su haɗa da shi. Ya ce a kai shi hannun hukuma, suka ce ba su yarda ba, a kai shi yau a sako shi gobe. Da ƙyar aka tsaya a kan cewa ba za a zubar da wani jini ba sai an yi addu'ar bakwai ta mamatan, ranar Talata. Kafin nan a kulle shi a wani ɗaki a bayan gidan mai gari, su ke gadi. In ya faɗi wanda ya rubuta, a duba. In bai faɗa ba, su tafi da shi, kuma kowa ya san wanda suka tafi da shi ba ya dawowa. Aka kawo Alƙur'ani, ya yi alwala da hannu ɗaya, ya rantse ba shi ya rubuta ba. Sai wani ya ce, "To ya rantse bai san wanda ya rubuta ba." Yaya ya janye hannunsa ya yi shiru. Shirun nan shi ya ƙarasa shi a idon mutane.

Aka kira Baffa, tunda hannunsa ne asalin rubutun. Ya zo da sandarsa, aka ba shi takardun biyu. Ya kai su kusa da ido, ya juya su, ya shafa, ya daɗe. Sannan ya ce, "Idona ya yi rauni. Hannu guda nika gani." Ya miƙa musu ya koma gida bai kalli kowa ba.

Jiya Juma'a suka bar ni na shiga in duba Yaya, wai ai ni ne nas. Matarsa Hajara ta ba ni fura a kwano tana kuka, ta ce, "Kai ne mai ilimi a gidan nan, ka yi masu bayani, ka san Yayanka." Na same shi jingine da bango, fuska ta kumbura, yatsu uku sun karye. Na ɗaure hannun da katako, na wanke saran kansa, na fara ɗinki. Mai gadi yana bakin ƙofa yana sauraron rediyo. Yaya ya yi murmushi da fasasshen leɓe ya ce, "To ɗan boko, yau dai ka samu majinyaci naka na kanka, babu mai karɓe maka." Na ci gaba da ɗinkina. Da na gama ya kai hannun hagu ya shafa ɗinkin a hankali, ya rage murya ya ce, "Ya yi kyau. Kai ka ce mani a Mafara ba su barinka ka taɓa allurar ɗinki." Almakashi ya faɗi daga hannuna. Na ce, "Yaya..." Ya ce, "Yi shiru. Ban ce komi ba, kuma ba ni cewa. Tilasta ka anka yi?" Na ce, "Na farko." Ya rufe ido. Na so ya tofa mini yawu, na so ya kira mai gadi. Sai cewa ya yi, "Miƙo mani hurar nan, Hajara na cika tsami."

Ina fitowa daga wurinsa wayata ta yi ƙara. Saƙo ne daga asibitin nan na Sakkwato. Sun ɗauke ni. In zo ranar Litinin da takarduna in kama aiki, akwai ɗakin kwana, akwai albashi. Aikin da na yi shekara ina roƙon Allah a kowace sujada, ga shi ya zo kwana ɗaya kafin ranar da za a tafi da Yaya. Na zauna a gefen hanya ina kallon saƙon, ban san ko amsar addu'a ce ko jarrabawa ba.

Yau da safe bayan an idar da salla Baffa ya kira ni zaure. Yana fiƙe alƙalami, abin da ya daɗe bai yi ba. Bai ɗago ba ya ce, "Isuhu shahwa takarda yake yi in yana rubutu. Kai danna ta kake yi. Tun kana ƙarami kake huda mani takarda, na buge hannunka har na gaji. Ido ya tahi, amma yatsa na nan. Da na juya bayanta na shahwa, na ji." Na durƙusa na kifa kaina a ƙasa. Ya ce, "Ubanka ya kama hannuna ya ba ni kai amana. In na yi magana, na kashe ɗan ƙanena da bakina. In na yi shiru, ga nawa can. Na yi ƙarya gaban jama'a da hurhurata, abin da ban taɓa yi ba. Ba ni iya zaɓe tsakaninku. Kai ka riƙa alƙalamin." Ya ajiye wanda ya fiƙe a gabana, ya tashi ya shiga gida. Yana nan a gabana yanzu da nake rubuta muku.

Na juya abin ta kowace fuska. In na je gaban Ɗanjuma na ce ni ne, za su kashe ni kafin in rufe baki, kuma wa ya tabbatar mini za su saki Yaya, ba za su ce tare muke ba tunda ya rufa mini asiri? In na faɗi sunan Bawa da inda sansanin yake, mutanen daji za su sani, kuma sun gaya mini sun san gidan Baffa. In na kai kaina wurin jami'an tsaro a Mafara, wataƙila a je a ceto matan da ke gindin tsamiya, amma lasisina ya tafi, kurkuku ce, kuma shin za su iso garinmu kafin Talata? In na je wurin mai gari a keɓe, mutumin kirki ne, amma da ƙyar ya riƙe su kwana biyar. Shaiɗan kuma yana raɗa mini wata: in tafi Sakkwato gobe, in na isa in rubuto wasiƙa da ajami, su gwada hannun su gani. To in suka ce ƙarya ce ƙane ya shirya don ya fid da wansa tunda shi ya tsere? In suka huce a kan Baffa da Hajara da yara? Kuma da wace fuska zan sa farar riga ranar Litinin in riƙe hannun majinyaci, alhali na bar wanda ya saya mini rigar farko a ɗaure yana jiran mutuwata ta sauka a kansa?

Ina tsoron mutuwa, ba zan ɓoye muku ba. Na ga yadda adda take shiga kai, ni na ɗinke. Amma na fi tsoron ranar da za a ajiye takardar nan a gabana a inda ba a buƙatar yatsan Baffa kafin a san mai hannun. Malamai, lauyoyi, ma'aikatan jinya da suka riga ni, da duk wanda ya san yadda garuruwanmu suke, ku taimake ni da maganar da za ta fid da shi da rai, ko da ni ban fita ba. Motar Sakkwato tana tashi gobe da safe. Addu'ar bakwai ranar Talata ce da hantsi.

Don girman Allah ku gaya mini. Me zan yi?